Ingarma Mai Takarda a Gonar Awali

Direba aka rubuta a iƙamata, wato takardar izinin zama da ba ka taka ƙofar gida a Madina sai tana aljihunka. Amma cikin shekarun da na yi a can, tuƙi shi ne mafi ƙanƙantar aikina. Na hau dabino, na gyara injin ban-ruwa, na feɗe raguna, kuma har sama da shekara guda na zama masanin dawaki, ni da ban taɓa hawa dabbar da ta fi jaki tsawo ba.

Kafilina, mutumin da ya ɗauko ni aiki daga gida, dattijo ne ɗan ƙasa amma Bahaushen asali. Kakansa ne ya taso da ƙafa daga ƙasar Kano, ya yi hajji, ya ga babu dalilin komawa. Gidansa yana unguwar Bani Harisa, gonar dabinonsa kuma tana Awali, kewaye da katanga. Ammi, wato baffa, nake ce masa kamar kowa, shi kuma ya ce mini "ya waladi", wato yarona, ko da yake na ba talatin baya. Hausarsa irin ta kakanni ce, yakan fara magana da ita ya ƙarasa da Larabci. A tsakiyar shekarun casa'in ya yi ritaya daga aikin ofis, kuma duk wanda ya taɓa zama da dattijon da ya saba sa hannu a takarda ya san haɗarin da ke cikin barinsa babu aikin yi.

Maƙwabcinmu na gona Balarabe ne mai goɗiyoyi uku. Duk Alhamis bayan la'asar sai ya shigo, a shimfiɗa darduma ƙarƙashin dabino, su sha gahawa da Ammi, ni ina zuba musu. Hirarsa ɗaya ce: uwar goɗiya kaza, da uban uwarta, da wanda ya hau kakarta. Wata rana ya kurɓi gahawa ya ce, cikin raha, "Dabino kowa na iya shukawa, ya Shaihu. Doki kuwa gado ne."

Ammi ya yi dariya yadda ya kamata. Amma da muka shiga mota bai ce uffan ba har muka wuce rabin hanya. Shirun nan ya dame ni, kuma baki shi ke yanka wuya. Sai na ɗauko masa labarin mahaifina.

Ga yadda labarin yake a gaskiya. Zamanin Turawa, wani Bature likitan dabbobi ya zo rangadi gundumarmu, ya dubi dawakin manoma ya yanke hukunci cewa sun yi gajarta. Babu wanda ya kai masa ƙara, su dawakin ma ba su koka ba. En'e ta sayo wani dogon ingarma, aka gina masa barga kusa da gidan gona, aka yi shela cewa duk mai goɗiya ya kawo ta barbara, kyauta. Mutanenmu kuwa sun riga sun san duk abin da Bature ya bayar kyauta, haraji na biye da shi a baya. Sai suka kora goɗiyoyin kirki rugar Fulani, suka riƙa jawo tsofaffi da guragu. Da Baturen ya dawo ya ga 'ya'yan da aka samu, sai ya rubuta a littafinsa cewa ciyawar ƙasar ce ba ta da kyau. Mahaifina yana saurayi a lokacin, aikinsa yankan ciyawa da sharar kashi. Kafin a haife ni ingarman ya mutu, Turawa sun tafi, mahaifina yana fataucin gero da jakuna biyu.

Abin da na faɗa wa Ammi a mota ya ɗan bambanta. Na ce mahaifina shi ne shugaban barga, Bature ba ya taɓa doki sai ya tambaye shi, ni kuma a tsakanin kofatai na yi rarrafe.

Ammi ya juyo ya dube ni. "Shekara uku kana gidana, ya waladi, ba ka faɗa mini ba?"

"Ba a tambaye ni ba, Ammi."

Bayan wata guda aka sauke mana ingarma a ƙofar gona. Kili ne, fari tas, mai dogon wuya, yana taku kamar ƙasar ba ta kai ya taka ta ba. Tare da shi aka kawo jaka ta fata cike da takardu: hotonsa, hatimai, da sunayen kakanninsa har bakwai ta wajen uwa da ta wajen uba. Ammi, wanda nasa asalin ya tsaya a kan kakansa da wani gari kusa da Kano da sunansa ya ɓace a hanya, ya zauna ya karanta mini su ɗaya bayan ɗaya kamar mai karanta salsalar malamai. Aka gina wa dokin ɗaki da na'urar sanyaya iska. Nawa ɗakin yana jikin nasa, da fanka mai juyawa idan ta ga dama. Ban yi hassada ba. Shi yana da kakanni bakwai a rubuce, ni takardata duk shekara sai an sabunta.

Ammi ya aika wa duk masu gonakin Awali cewa ingarmansa na nan, kuma ba ya karɓar ko sisi, tunda malamai sun hana cin kuɗin barbara. Abin da yake so kaɗan ne: nan da shekara biyu duk dukushin da ya yi haniniya a Awali a ce ɗan dokin wane ne. Ni kuma aka ɗora ni a kan aikin, aka saya mini sabon takalmi.

Akwai wata dabba a gonar da ba a aika wa kowa labarinta ba. Farin jaki ne, dogo, irin na yankin Hasa, wanda ke ɗaukar taki zuwa lungunan da mota ba ta shiga. Ba shi da suna, ba shi da hoto. Dabinon da ya faɗo ƙasa yake ci, da abin da ingarma ya rage.

Maƙwabcinmu ne ya fara kawo goɗiya. Cikin ukun ya zaɓo wadda ta fi kowacce tsufa, mai ɗan ɗingishi. Ina ganinta na tuna mutanen gundumarmu, na ce ashe halin manomi ɗaya ne ko a ina. Ammi ya gayyaci abokai, aka ƙara dardumai, aka dafa gahawa tukunya biyu. Na jawo ingarma da ragama, ina tafiya irin ta wanda ya gaji abin. Ya isa wurin goɗiya, ya shinshina ta sau ɗaya, ya ɗaga kai ya dubi taron, sannan ya ja ni da ƙarfinsa zuwa wani damin barsim, ɗanyar ciyawar da ake noma wa dabbobi a can. Ya sa baki. Muka jira. Ya cinye damin, ya nemi wani.

"Kunya yake ji," in ji Ammi. "Ɗan babban gida ne."

"Masha Allah," in ji maƙwabci. "Akwai tarbiyya."

Bayan baƙi sun watse Ammi ya tambaye ni me mahaifina yakan yi in haka ta faru. Abu ɗaya na sani game da dawaki, shi ne ana ba su kanwa. Na faɗa da murya irin ta mai bayyana sirrin gida. Washegari na tafi unguwar Sih wurin wata tsohuwa 'yar Damagaram mai sayar da kuka da daddawa, na ce ta auna mini kanwa rabin buhu.

"Ɗan nan, mutum nawa ne a gidan naku?"

Na ce doki za a ba, na kuma yi mata bayani a taƙaice.

Ta ɗaure bakin buhun ta ce, "To ka ɗan ɗebar wa mai dokin ma ya jiƙa. Kanwa na kwantar da ciki."

Ammi ya ƙara da nasa ilimin: zuma, habbatus sauda, da dabinon ajwa wanda mu ma'aikata sai dai mu gani a kwali. Dokin ya karɓi magani hannu biyu. Cikin wata biyu ya yi ƙiba har wuyansa ya ninku. An sake kawo goɗiyar sau biyu, aka kawo ta wani ma, duk ya yi musu gaisuwar mutunci ya koma ɗakinsa mai sanyi.

Daga ƙarshe babban ɗan Ammi ya kawo wani likitan dabbobi, mutumin Sudan, siriri mai ƙarancin magana. Bai dubi wuyan dokin ba, bai dubi takunsa ba. Ya buɗe masa baki ya leƙa. Ya karɓi takardu ya duba. Ya sake buɗe bakin.

"Takardar nan ta ɗan shekara shida ce," ya ce. "Bakin nan kuwa ya ga ashirin, ko ya kusa."

"To ɗayansu ƙarya yake yi," in ji Ammi.

"Haƙori bai iya rubutu ba, ya Shaihu."

Ina tsaye ina gyaɗa kai kamar na daɗe da sanin haka. Ban taɓa jin cewa ana karanta shekarun doki a baki ba. Ammi ya dubi dokin, ya dubi jakar. Mutum ne da ya yi shekara talatin a ofis, kuma a iya saninsa abin da ke da hatimi shi ne gaskiya, wanda ba shi da shi jita-jita ne. Ya sallami likitan da godiya, ya ce kada a sake kawo masa shi.

Ni ne na kawo shawara ta gaba, don in sami sararin numfashi. Na ce taron jama'a ne ke hana dokin sakewa, a bar mana goɗiyar maƙwabci mako guda su saba. Kowa ya yarda.

Rana ta biyar, da tsakar zafin azahar, injin ban-ruwa ya tsaya. Na mayar da ingarma ɗakinsa don kada rana ta taɓa shi, na ɗaure goɗiya a inuwar dabino kusa da kwamin ruwa, na tafi can ƙarshen gona da sifana. Na yi kamar sa'a guda. Da na dawo, na tarar jakin nan ya kwance dabaibayinsa, ya kuma gama aikin da aka yi wata uku ana shimfiɗa masa darduma. Babu gahawa, babu baƙi, babu zuma. Ya sauko, ya karkaɗe kunne, ya koma tsintar dabino.

Na daɗe a tsaye da sifana a hannu. Sannan na mayar masa da dabaibayi, na ce wa raina sau ɗaya ba ya zama komai.

Da la'asar Ammi ya zo. "Yaya, ya waladi?"

"An sami ci gaba, Ammi."

"Aikin ya yiwu?"

"Ya yiwu. Da idona na gani."

Har yau ina iya rantsuwa cewa ban yi masa ƙarya a wannan magana ba.

Bayan wata uku maƙwabci ya shigo ran Alhamis da fuskar wanda aka tilasta wa faɗin alheri, ya ce goɗiya ta ɗauka. Ammi ya yanka raguna biyu. Aka dafa shinkafa, dangi suka zo daga Bani Harisa da Sih, jikoki suka yi layi ana ɗaukar su hoto da ingarma, shi kuma yana tsaye yana karɓar taya murna ba tare da ya musa ba. Ammi ya riƙe hannuna a gaban mutane ya ce, "Wannan gadonsu ne. Tun zamanin Ingilishi." Aka fara aiko mini daga wasu gonaki in zo in duba dawaki. Nakan je, in zagaya dabba sau biyu, in buɗe mata baki yadda na ga mutumin Sudan ya yi, in ce a ba ta kanwa. Masu kawo goɗiyoyi kuwa na riƙa ce musu ingarma yana hutawa, irinsu ba a matsa musu. Wanda ya nace aka karɓi tasa, in ba ta ɗauka ba sai in ce laifinta ne.

Goɗiya takan yi wata goma sha ɗaya da ciki. Wannan ma a lokacin na koya, kuma na ƙirga su da kwanakinsu. Duk safiya in na hau dabinon da ke jikin katanga sai in leƙa gonar maƙwabci in ga cikin yana ƙaruwa. Mutane na zuwa Harami su roƙi gafara da arziki, ni ina roƙon Allah ya sa abin da ke cikin nan ya zo da gajerun kunnuwa. Sau biyu na yi niyyar faɗa wa Ammi. Na farko muna mota, na buɗe baki ke nan sai ya fara jera mini sunayen da yake tunanin ba wa maƙwabci shawara a sa wa dukushin. Na biyu kuwa tsoro ne kawai. Sa hannu ɗaya na kafili ya isa a kai mutum filin jirgi, kuma ina da mata da 'ya'ya uku a gida da suka san ni a matsayin wanda ya yi sa'a. Amma ba tsoro kaɗai ba ne. Na ji daɗin yadda ake tashi a ba ni wuri.

Wata safiya da hantsi ma'aikacin maƙwabci ya leƙo ta katanga ya ce goɗiya ta haihu. Na lura bai ce barka ba. Na je Bani Harisa na ɗauko Ammi. Ya sa alkyabbarsa ta zuwa ɗaurin aure, ya fesa turare, ya sa na tsaya a hanya muka sayi kwalin alewa.

Muka tarar da maƙwabci tsaye a ƙofar barga, hannu a baya. Ya matsa ya ba mu hanya. Jaririn yana tsaye jikin uwarsa, lafiyayye, ƙafafu dogaye, yana tsotso da ƙarfi. Kunnuwansa sun kai tsawon hannuna daga gwiwa zuwa yatsu. Alfadari ne, ko makaho ya shafa ya sani.

Ni ina riƙe da kwalin alewa.

"Kunnen jariri ne," in ji Ammi a hankali. "In ya girma zai daidaita."

"Haka ne," in ji maƙwabci. "Ya Shaihu, cikin kakannin nan bakwai, na nawa ne mai wannan kunnen? Ta wajen uwa ne ko ta wajen uba?"

Ammi ya ce Allah ya raya, ya juya. Na rasa inda zan ajiye alewar, na miƙa wa ma'aikacin, na bi shi.

A mota bai ce mu tafi ba, ni ma ban tayar ba.

"Ka ce mini da idonka ka gani."

"Na gani, Ammi. Wanda na gani ne ba ka tambaya ba."

Ya cire tabarau ya goge da gefen mayafinsa. Na faɗa masa komai, injin ban-ruwa, dabaibayi, har watannin da na yi ina leƙen katanga.

"Mahaifin naka fa? Shugaban barga?"

"Ciyawa yake yankowa, Ammi. Da shara."

Na jira in ji maganar filin jirgi. Sai na ji yana wani sauti ta hanci, na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce yake dannewa.

"Kakana," ya ce, "har ya mutu yana gaya mana shi ɗan sarki ne, sarauta ya guda ya zo nan. Ina yaro wani tsoho ya zo hajji daga garinsu, aka kawo shi gidanmu. Ya ce ya san gidan sarai, majema ne, tun daga bakin kasuwa ake jin warinsu." Ya mayar da tabarau. "Tayar da mota. Amma ba ka tsira ba."

Ban tsira ba kuwa. Washegari Ammi ya sa na koma wurin maƙwabci ni kaɗai, na tsaya a gabansa da gaban ma'aikatansa na maimaita labarin da Larabcina mai ɗingishi. Maƙwabcin ya sa na sake faɗin wajen sifana sau biyu, wai bai gane ba. Kafin mako ya zagayo labarin ya gama Awali, ya tsallaka Sih. Da na je sayen daddawa tsohuwar nan ta tambaye ni ko jakin ma kanwarta ya sha, don ta san yadda za ta riƙa talla. Aiken duba dawaki ya tsaya cak. Aka mayar da ni kan ɗaukar taki, ni da jakin, muna tafe tare kamar waɗanda aka kama da laifi ɗaya.

Alhamis uku maƙwabci bai shigo ba. Ta huɗu ya zo da kansa, ya zauna, ya miƙo kofi. Ba a yi maganar dawaki ba, aka yi ta ruwan rijiya da ke ja da baya. Da aka yaye alfadarin sai ya aiko mana da shi, da saƙon cewa ɗa na ubansa ne.

Ni na rene shi. Mugun hali ne da shi, yana cizo, yana harbi, amma da ya shekara uku babu dabbar da ta kama ƙafarsa a aiki. Yakan ja amalanke cike da dabino ta lungun da jaki ke nishi, ba ya ciwo, ba ya zaɓen abinci. Lokacin girbi maƙwabci sai ya aiko a ba shi aron "ɗan goɗiyarsa". Ammi ya ce a gaya masa "ɗan jakina" yana da aiki yau, sai gobe. Sun yi shekaru suna wannan, kuma na lura hirar Alhamis ta fi daɗi fiye da da.

Ingarma ya ƙara shekara huɗu a ɗakinsa, yana cin ajwa, bai bar baya ba. Ranar da ya mutu sai da aka ɗauko motar haƙa. Ammi ya tsaya har aka rufe ramin, ya share ido, ya ce doki ne da mutane ba su fahimta ba.

Na bar Madina a farkon shekarun dubu biyu, da kaina, lokacin da babbar 'yata ta isa aure. Bayan wasu shekaru Allah ya nufe ni da umara, na ɗauki tasi zuwa Awali. Ammi ya rasu, 'ya'yansa sun sayar da gonar, an rushe katangar an yanka filaye. Maƙwabci yana nan, ya tsufa ƙwarai, yana zaune a ƙofar tasa gonar a kan kujerar roba. Ya gane ni kafin in gama sallama. Ya ce alfadarin wani manomi ya saye shi ya tafi da shi wajen gari, kuma yana jin har yanzu yana aiki. Na tambaye shi yadda Ammi ya ƙare. Ya ce lafiya lau, jinyar kwana biyu, an kai shi maƙabartar Baƙi'a. Ya ce har makon ƙarshe Ammi yana nan a kan bakansa cewa dokin ɗan shekara shida ne, likitan nan na Sudan ne ya yi masa kambun baka.

Muka sha gahawa kofi uku. Ya sa aka cika mini kwali da dabino, ya ce wa ɗansa ya sauke ni a bakin titi inda ake samun mota.